Takalmin Baba yana Kwatano

Daren wata Talata ne cikin Agustan 2022, an gama ruwa, muna zaune tsakar gida a unguwar Bukoki ta Yamai muna korar sauro, maigida ya ce jibi zai tafi Kwatano ya sayo motar da muka yi shekara uku muna tara mata kuɗi. Ni dai wasa na yi da na ce: "To ai lakwal na hutu, ni da ɗalibaina duka. Ka tafi da mu mana." Yara suka kama tsalle. Ina jira ya ce a'a, sai muryar Baba ta fito daga kan tabarmarsa: "In za ku, da ni."

Baba mahaifina ne, mutumin Tawa, tsohon direban kamiyo. Ya fi shekara ashirin yana ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwan Kwatano zuwa Yamai: shinkafa, siminti, gwanjo. Tun da ciwon baya ya sauke shi daga mota bai ƙara tsallake Doso ba. Wa zai ce masa a'a? Laraba ta ƙare a neman katin rigakafin yara da soya nama, Alhamis kafin kiran asuba muna cikin kar mu shida.

Tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma Baba bai bar ko guda ya wuce shiru ba. A gadar Gaya ya nuna wa yara cewa wannan kogin shi ne dai wanda suke gani ƙarƙashin gadar Kennedy a Yamai, ya riga mu zuwa ne kawai. Ba biza, ba canjin kuɗi, sefarmu ita ce sefarsu, sai dai saukowa da hawa da nuna kati har ka gaji. Daga Malanbil kuwa sai tarihi ya ɓalle. Nan kusa da Kandi ne ya kwana tara da karyayyen gindin mota. Can a Paraku akwai wata mai sakwara da ba ta karɓar kuɗinsa sai ya dawo. Ya sa muka sayi wagashi, cukun Fulanin can mai jan baya, ya ce wanda bai ci shi soyayye ba bai je Benin ba. Duwatsun Sabe da Dasa a cikin duhu muka wuce su. Auta ya yi amai sau biyu, ni kuma na yi nadamar bakina sau goma.

A Zango muka sauka, gidan ɗan tsohon mai masaukin Baba. Hausa ko'ina, sai ka ce kana kasuwar Katako ta Yamai, in ban da ƴan kabu-kabunsu masu rigar ruwan ɗorawa da suke ce wa zem, waɗanda suka fi ƙuda yawa. Maigida ya kwana biyu yana yawo a wuraren sayar da motoci yana ciniki. Mu kuma muka shiga kasuwar Tokpa muka ɓace, muka fito da atamfa uku da ban yi niyya ba, muka je kallon gunkin Amazon, jarumar yaƙin tsohuwar masarautar Dahomey, mai tsawon mita 30 da aka buɗe ƙarshen watan Yuli, ko wata guda bai yi ba.

Sai ranar Lahadi da la'asar muka tafi bakin teku, Fijirose. A hanya na ce: "Baba, yau kai ne jagora, ka nuna mana inda kake zama da."

Ya yi shiru, sannan ya ce: "Ƴar nan, ban taɓa zuwa ba."

Na ɗauka ba'a yake. Ashe gaskiya ce. Shekara ashirin da wani abu, abin da ya sani shi ne katangar tashar, da layin kamiyo, da takardun duwan, da kwana ƙarƙashin mota don kada a kwance baturi. Yakan hango kawunan jirage ta saman katanga, yakan ji ƙarar ruwan da dare. Amma mai jiran lodi ba ya barin layi, kuma da an ɗaure tanti sai arewa. Ya ce a ganinsu bakin teku wurin Turawa ne da marasa aikin yi.

Ni kaina abin ya fi ƙarfin bakina. Na saba da ruwa mai tsallake. Kogi komai cikarsa kana hango Harobanda, unguwar tsallaken kogi a Yamai. Wannan kuwa ba shi da wancan gefe, kuma ba ya kwanciya, tasowa yake ya doki ƙasa da rugugi ya ja baya yana tsaki. Iska mai sanyi da danshi, don Agusta a can ba zafi. Wata mai sayar da kwakwa ta gargaɗe mu da Faransanci da hannu duka: kada yaro ya wuce idon sawu, ruwan nan yana ja ta ƙasa. Na riƙe wuyan rigar auta kamar akuyar da za a kai kasuwa. Ya dangwala yatsa ya lasa, ya yamutsa fuska: "Mama, wa ya zuba gishiri?" Yayarsa, mai ilimin aji shida, ta fara yi masa bayani, ba wanda ya saurare ta.

Baba bai ce komai ba. Ya daɗe tsaye yana kallon masunta, sun fi mutum talatin a jere suna jan igiyar koma guda suna waƙa. Daga nan ya tuɓe takalmansa na fata, aikin Tawa, ya ajiye, ya naɗe wando, ya taka a hankali. Maigida ya ce: "Baba, a yi sannu." Ya ɗaga masa hannu. Ya tsuguna ya fara alwala, yana cewa ai Annabi (SAW) ya ce ruwansa mai tsarki ne, mushensa halal ne, tun yana makarantar allo yake jin hadisin bai taɓa aiki da shi ba. Da ya kurkure baki sai da idonsa ya kawo ruwa. Gishirin ne, in ji shi.

Yana cikin wanke ƙafa wata igiya ta zo ta wuce inda sauran suke tsayawa, ta jiƙa shi har gwiwa, ta koma da takalminsa na hagu. Muna kallo ya yi sama, ya yi ƙasa, shi ke nan. Yara suka yi cirko-cirko suna jiran faɗa. Sai Baba ya fashe da dariyar da rabona da jin irinta tun Inna na da rai, har yana dafa kafaɗar maigida. Ya ce shekara ashirin yana wucewa bai biya kuɗin gaisuwa ba, yau an karɓa.

A silifas ɗin roba ya dawo Yamai, a gidan gaba na sabuwar motar, yana koya wa maigida tuƙi tun daga Alada, inda muka cika but da abarba, har ƙofar gida. Shekara guda bayan haka, ƙarshen Yulin 2023, aka rufe iyakar Gaya. Ɗaya takalmin yana nan ƙarƙashin gadonsa, ya hana a yar. Duk lokacin da aka ambaci gadar a rediyo sai ya ƙara murya, ya ce a yi masa shiru, yana da bashin da zai je karɓa.