Yadda na tsara tafiyata ta farko a jirgin ruwan yawon shaƙatawa ba tare da aljihu ya ji jiki ba

Farashin da kamfanonin jiragen ruwan yawon shaƙatawa suke tallatawa gaskiya ne, sai dai ga mutumin da zai taso daga Kano ko Abuja, wani ɓangare ne kawai na kuɗaɗen da tafiyar za ta ci. Lokacin da ni da maiɗakina muka yanke shawarar gwada zagayen yammacin Bahar Rum, na ga ana sayar da zagayen mako guda na watan Nuwamba a ƙasa da Yuro 500 ga mutum ɗaya, alhali a ciki akwai wurin kwana, da abincin safe da rana da dare, da kai mutum birane shida a ƙasashe huɗu. Da wuya a samu otel a Turai da zai yi wa baƙo wannan rangwame. Amma da na zauna da biro da takarda na haɗa tikitin jirgin sama, da biza, da inshora, da kwanan otel a birnin da za a tashi, da kuɗin hidimar da ake ƙarawa a cikin jirgin, sai na tarar kuɗin jirgin ruwan bai kai rabin abin da zan kashe ba. Daga nan na daina neman jirgi mafi arha, na koma tunanin abin da ya kamata a fara biya da abin da ya kamata a jinkirta.

Hanyar da muka zaɓa tsohuwar hanya ce da kamfanonin da suka fi yawa a wannan teku, irin su MSC da Costa, suke bi da ɗan bambanci: Basalona a Sifaniya, Marseille a Faransa, sannan Genoa da Civitavecchia (tashar da ake sauka don zuwa birnin Rum) da Palermo a Italiya, sai Valletta a tsibirin Malta, a yi yini guda a kan teku a koma Basalona. Dalilin zaɓenta biza ce, domin duk ƙasashen nan huɗu suna cikin yankin Shengen, biza ɗaya ta ishe su. Akwai zagayen da ke tsayawa a Tunis, kuma ya ba ni sha'awa, amma da zarar jirgi ya taɓa Tunisiya an fita daga yankin, mai fasfo ɗin Najeriya kuwa zai buƙaci bizar shiga sau da yawa kafin a bar shi ya dawo, ban da sharuɗɗan ita Tunisiyar kanta. Ba a tsakiyar teku ake gano wannan ba. Tun a tashar farko ma'aikata za su duba fasfo su hana mutum hawa, kuma ba a mayar masa da kuɗinsa.

Tun daga watan Yunin 2024 kuɗin bizar Shengen Yuro 90 ne ga babba, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu, kuma dole ne a nuna inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Doka ta yarda a nemi bizar tun saura wata shida a yi tafiya, kuma ana nema ne a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, in kwanakin sun yi daidai sai a nemi ta ƙasar da za a fara shiga. A nan ne zagayen jirgin ruwa yake da ruɗani, domin Italiya ce ke da tashoshi uku a hanyar tamu, amma da yake mun tsara kwana a Basalona kafin tashi da bayan dawowa, Sifaniya ta zama ƙasar shiga kuma ƙasar da za mu fi zama. Abin da ya fi ɗaukar mini tunani shi ne cewa ofishin jakadanci yana son ganin shaidar kama ɗaki a jirgin, kamfanin jirgi kuma yawanci ba ya ɗaukar hana biza a matsayin uzuri. Mafitar da na samu ita ce in biya kafin alƙalami kawai, in karanta jadawalin tarar soke tafiya wanda ke hauhawa yayin da ranar tashi take matsowa, sannan in shigar da takardun biza da wuri yadda amsa za ta fito kafin ranar biyan cikon kuɗi. Tikitin jirgin sama kuwa ban yanka ba sai da fasfo ya dawo hannuna da biza a ciki.

A watannin Yuli da Agusta, lokacin hutun makarantun Turai, farashin ɗaki ɗaya kan ninka. A Nuwamba zuwa Maris, in an cire makon Kirsimeti da sabuwar shekara, yakan faɗi ƙasa sosai. Abin da ake biya a madadin wannan arha shi ne sanyi da gajeruwar rana da yiwuwar tashin igiyar ruwa. Ga wanda ya saba da hunturun arewa sanyin bai fi ƙarfin riga mai kauri ba, sai dai iskar saman jirgi da dare tana ratsa ƙashi. Mun isa Basalona tun kafin ranar tashi, domin daga Najeriya sai an yada zango a wani birni kamar Alkahira ko Istanbul ko Kasablanka, kuma jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara. Kuɗin otel ɗin nan shi ne kuɗin da ban taɓa tunanin ragewa ba.

Ɗakuna iri uku ne ake yawan sayarwa: na ciki marar taga, da mai taga wadda ba a buɗewa, da mai baranda. Farashin da ake bugawa na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin cewa mutum biyu za su kwana a ɗakin, saboda haka mai tafiya shi kaɗai yakan biya kusan kuɗin mutum biyu. Mun ɗauki na ciki, kuma a zagayen da kusan kullum ake wayar gari a sabon birni ban ga abin da baranda za ta ƙara mana ba, tunda wanka da barci kawai ake yi a ɗakin. Amma araha ba ta ado: ɗakin ƙarami ne, in aka kashe fitila duhunsa ɗaya ne dare da rana, kuma wanda bai saita agogo ba zai iya rasa asuba da karin kumallo a lokaci guda. Na ƙara ɗan kuɗi kaɗan don in zaɓi lambar ɗakin da kaina maimakon in bar wa kamfani, na ɗauki wanda ke tsakiyar jirgin a hawa na ƙasa-ƙasa, inda girgiza ta fi sauƙi. Amfanin hakan ya fito tun a daren farko, domin tsakanin Basalona da Marseille ana ratsa mashigin tekun Liyon, inda iskar da Faransawa ke kira mistral take kaɗawa daga arewa, kuma da safe mun ga fasinjojin gaban jirgin da yawa ba su iya kallon abinci ba.

Ranar hawa ta yi kama da ta filin jirgin sama, sai dai ana miƙa manyan akwatuna a bakin tasha, ba a sake ganinsu sai da yamma a ƙofar ɗaki, don haka magani da caja da takardu suna cikin jakar hannu. Ana ba kowa kati guda wanda shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga a kowace tasha, shi ne kuma kuɗi, domin ba a karɓar tsabar kuɗi a shagunan jirgin. Ana haɗa katin da na banki ko a ajiye wani adadi na Yuro a hannun masu karɓar kuɗi. Ni na zaɓi ajiye tsaba, saboda katin bankin gida ba abin dogaro ba ne a waje, kuma ajiyar tsaba tana sa wa mutum iyaka da yake gani da idonsa. Kafin jirgi ya tashi akwai atisayen ceto wanda babu mai kauce masa, inda ake nuna yadda ake sa rigar ceto, da wurin taruwar kowane ɗaki, da alamar gaggawa, wato gajeriyar busa bakwai da doguwa ɗaya. Bayan hatsarin jirgin ruwan Costa Concordia a gefen tsibirin Giglio a ranar 13 ga Janairun 2012, wanda ya ci rayuka 32, aka tsaurara doka, kuma tun daga 2015 wajibi ne a yi atisayen kafin tashi ko nan take bayan tashi.

Da zarar an shiga, sai mutum ya gane dalilin arhar ɗakin. Jirgin kasuwa ce mai tafiya, kuma ribar tana cikin abin da fasinja zai saya bayan ya hau: abin sha, intanet, hotuna, gidajen abinci na musamman, tausa, caca, da yawon da kamfani ke shiryawa a birane. Akwai kuɗin hidimar ma'aikata da ake rubutawa a asusun kowane babba duk dare, wanda a lokacin tafiyarmu ya kai kusan Yuro 11 zuwa 12 a wannan teku, in ba a riga an haɗa shi cikin farashi ba. Wannan na lissafa shi tun daga gida, kuma bayan na ga yadda masu gyaran ɗaki da masu kawo abinci, yawancinsu daga Indonesiya da Filifin da Indiya, suke aiki tun asuba har dare, ban ji nauyin biyansa ba. Ƙunshin abin sha da ake ta tallatawa an gina farashinsa ne a kan masu shan barasa, don haka bai shafe mu ba. A zauren da ake ɗiban abinci da kai akwai ruwa da shayi da kofi kyauta. Intanet ma ban saya ba. Na sayi layin waya na Turai a Basalona wanda ya yi aiki a duk tashoshin ba tare da ƙarin caji ba, in jirgi ya bar gaɓa sai in mayar da waya yanayin jirgin sama, domin a tsakiyar teku tana iya kama sadarwar tauraron ɗan'adam ta jirgin, mai tsadar gaske.

Abinci yana da yawa har ya wuce misali, amma girkin Italiya yana cike da naman alade da giya a inda ba a zata ba, a cikin miya da romo har da kayan zaƙi. Mun sanar da kamfani buƙatarmu tun lokacin kama ɗaki, muka maimaita wa shugaban masu kawo abinci a daren farko, duk da haka muka tsaya a kan kifi da taliya da ƙwai da ganye da 'ya'yan itace, muna tambaya kafin mu ɗiba. Maiɗakina ta sa yaji a jakarta tun daga gida duk da dariyar da na yi mata, kuma ba a je ko'ina ba ta ce, "Malam, ga shi kai ka fi ni ɗiba." Salla ita ce ta buƙaci dabara. Ba a ware masallaci ba, alƙibla kuma tana juyawa da juyawar jirgi, amma talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna taswira da inda jirgin ya dosa, da ita muke daidaita fuskanta a farkon salla. Ƙaramar gora ta maye mana gurbin buta. Dutsen guga da tukunyar dafa ruwa kuwa ana ƙwace su tun a bakin tasha saboda tsoron gobara.

A birane ne aka fi samun rarar kuɗi, domin yawon da kamfani ke shiryawa yana cin Yuro masu yawa a kan kowane mutum, alhali mafi yawan tashoshin nan ba su buƙatarsa. A Genoa da Palermo ƙafa ta isa, tashar tana jikin gari. A Valletta akwai na'urar hawa da ke ɗaga mutum daga bakin ruwa zuwa lambun Upper Barrakka a kan kuɗi ƙalilan, kuma mai ɗan Larabci zai tsinci kalmomi da yawa a harshen mutanen Malta. Tashar Marseille tana da nisan kilomita da dama daga tsohuwar tashar da ke tsakiyar gari, sai an hau mota, amma a unguwar Noailles muka samu naman halal da muka yi kewarsa. Palermo ce ta fi tsaya mini a rai. Musulmi sun karɓi birnin a 831 suka riƙe shi har Normawa, mayaƙan Kirista 'yan asalin arewacin Faransa, suka ƙwace a 1072, kuma sababbin sarakunan ba su kori masu sana'ar da suka tarar ba, shi ya sa rufin cocin fadar sarki yake ɗauke da sassaƙa irin ta masallatai, a ƙofar babban cocin garin kuma akwai ginshiƙi mai ayar Alƙur'ani a jikinsa. Duk wannan da ƙafa muka gan shi, a kan kuɗin shiga kawai.

Civitavecchia ce kaɗai inda na ga hujjar masu biyan yawon kamfani. Birnin Rum yana da nisan kimanin kilomita 80 daga tashar, jirgin ƙasa na talakawa yana ɗaukar sama da awa ɗaya a kan kusan Yuro 5, kuma kafin a kai tashar jirgin ƙasan sai an hau motar da ke fitar da fasinjoji daga harabar jiragen ruwa. Bambancin shi ne in motar kamfani ta makara jirgi zai jira ta, amma wanda ya tafi da kansa ya makara zai bi jirgin zuwa Palermo da kuɗin aljihunsa. Mun tafi da kanmu, muka taƙaita buri a kan wurare biyu, muka kuma zaɓi jirgin ƙasan dawowa wanda in ya kuɓuce mana akwai wasu biyu a bayansa. Ana buga lokacin rufe ƙofa a takardar shirye-shiryen da ake sa wa a ɗaki kowane dare, yawanci rabin awa kafin tashi, tare da lambar wakilin jirgin a wannan tasha, kuma ban taɓa sauka ba tare da na ɗauki hoton wannan shafi ba.

A daren ƙarshe ana fitar da manyan akwatuna ƙofar ɗaki da alamar launin rukunin da mutum zai sauka a ciki, don haka kayan da za a sa da safe dole a ware su. A wannan daren ne kuma ya kamata a duba asusu layi bayan layi a teburin karɓar baƙi, domin da safe jerin gwano yakan yi tsawo, kuma gyaran kuskure bayan an sauka yana komawa wasiƙu. Namu asusun bai wuce kuɗin hidima da ruwan gora da motar Marseille ba, aka mayar mini da ragowar ajiyata a hannu. Jirgi yakan shigo tasha da sassafe amma sauka rukuni-rukuni takan kai hantsi, saboda haka wanda ba zai kwana a Basalona ba kada ya yanki tikitin jirgin saman da zai tashi kafin azahar.