Wasiƙa daga Delhi ga Masu Tambayata ko Na Ga Kajol

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na gida. Ina nan lafiya, karatu yana tafiya, ina kuma fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan wasiƙa shi ne tambaya guda da ta ƙi ƙarewa tun da na sauka Indiya shekara biyu da suka wuce, wato ko na ga Kajol ido da ido. Ƙanwata ta tambaya, ƙawayena na makarantar kwana sun tambaya, har Gwaggo ta aiko a tambayo mata labarin Hema Malini. Na yi niyyar ba ku labarin abincinsu da bukukuwan aurensu da wahalar takardun zama, amma bari in fara sauke wannan nauyi.

Ban gan ta ba, kuma da wuya in gan ta. Masana'antar fina-finan Hindi tana Mumbai, ni kuwa ina gefen Delhi, tsakaninmu tafiyar kusan kilomita 1,400, abin da ya zarce nisan Kano zuwa Legas. Inda nake ganinta bai wuce inda kuke ganinta ba, wato a fuskar kwamfuta, cikin ɗakina, musamman a wannan wata na Janairu da sanyi ya hana kowa fita.

Ku yi mini haƙuri in daɗe a kan sanyin nan, domin shi ne ya fara sauya mini yadda nake kallon jaruman. A fim ba a taɓa nuna mana cewa Delhi tana sanyi haka ba. Da asuba ma'auni yakan sauka zuwa digiri biyar ko ƙasa da haka, hazo ya haɗu da hayaƙi ya rufe gari har mutum ba ya hango ƙofar maƙwabcinsa, gidajen kuma an gina su ne domin zafi, ƙasansu daɓen dutse ne mai ratsa safa biyu. Hunturun Kano yana busar da leɓe ya fasa dunduniya, amma da hantsi rana takan fito a sha ɗumi. A nan sai a kwana uku ba a ga ƙwayarta ba, wankin da aka shanya ya ƙi bushewa, ruwan alwala kuma ya zama abin da ake ɗaura wa niyya. A cikin wannan hali ne, ina ƙudundune cikin bargo biyu, na sake kallon Sridevi a fim ɗin Chandni na 1989, tana rawa a tsaunukan Suwizalan da sari shara-shara. Da ina yarinya kyawun wurin kaɗai nake gani. Yanzu kafaɗunta nake kallo, ina mamakin yadda ta hana jikinta karkarwa, ta kuma riƙe murmushi har aka gama ɗauka. Allah ya sani, girmanta ya ƙaru a idona, na kuma ji zafin rasuwarta a Dubai a 2018 fiye da yadda na ji a lokacin.

Amma Kajol ce ta sa ni hawaye. Na koma wa Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, wanda muka kalla a tsakar gida a kaset ɗin haya, mu goma sha wani abu a kan tabarma ɗaya, ba mai jin Indiyanci a cikinmu, amma kowa yana fassara wa na kusa da shi. Yanzu da kunnena ya fara kama harshen, na gano cewa fassararmu ba ta kauce sosai ba, domin fuskarta ta riga ta faɗi komai. Akwai wurin da uwa take zaune da 'yarta a bakin taga tana roƙonta ta haƙura da wanda take so. Kajol ba ta yi kururuwa ba, ba ta faɗi ƙasa tana birgima ba, idonta kawai ya cika, ta sunkuyar da kai yadda kowace 'yar Hausa ta san ana yi a gaban mahaifiya. A ganina wannan kunyar ce ta sa iyayenmu suka karɓi fina-finan nan tun zamanin sinimomi irin su Plaza da Marhaba, domin saurayin ma ƙin guduwa da yarinyar ya yi, ya tsaya sai mahaifinta ya saki hannunta da kansa.

Wani abin da ya girgiza ni shi ne muryar. Muna yara mun ɗauka jarumar ce take rera waƙar. Ashe Lata Mangeshkar, wadda aka haifa a 1929, ita ce ta yi wa Nargis waƙa a Mother India a 1957, ita ce kuma ta yi wa Kajol bayan shekara talatin da takwas, tana tsohuwa mai shekara sittin da 'yan kai tana ba budurwa murya. Da ta rasu a Fabrairun 2022, ƙasar nan ta yi mata makoki na kwana biyu. Na so a ce mu ma muna girmama mawaƙanmu mata irin su Fati Nijar haka, a riƙa sanin sunansu kamar yadda aka san na masu motsa baki a gaban kyamara.

Ƙannena masu kallon Indiya mai fassarar Hausa, ba na hana ku, na san daɗinta, amma ku gwada kallon fim ɗaya da muryarsa ta asali. Mai fassara ba ya barin shiru, duk inda jaruma ta yi tsit sai ya cusa barkwanci, alhali a cikin shirun nan gwanintarta take. Masu shirya namu fina-finan su ma, da suka ɗauko rawa da sauya tufafi a tsakiyar waƙa, da sun ɗauko haƙurin barin kyamara a kan fuskar jaruma na ɗan lokaci, da an ga abin da 'yan matanmu za su iya, domin ba baiwa suka rasa ba.

Maganar aure kuwa, a nan iyayen amarya ne suke biyan dukiya, kuma duk da dokar 1961 da ta haramta hakan, maƙwabciyata tana tara wa 'yarta zinariya tun tana firamare. Wannan ba a cika rera shi a waƙa ba. Labarin takardu zan bar shi sai wata wasiƙar, gobe ma ina da layi.

Ku gaya wa Gwaggo cewa Hema Malini tana nan da ranta, kuma tun 2014 take wakiltar Mathura a majalisar ƙasa. Na bi ta gefen garin a mota a hanyar Agra, na ga hotonta a allo, na ɗauka a waya, zan aiko mata idan an samu mai nuna mata.