Wasiƙa daga Girinsboro: gidan harsashin da ya ƙi buɗuwa

Zuwa ga ƴan'uwana na Tawa da kewaye, musamman waɗanda hukuma ta damƙa wa ƙaramar bindiga saboda aikinsu, jandarmomi da ƴan sanda da ma'aikatan duwan da na gandun daji. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina rubuto muku ne daga birnin Girinsboro na jihar Karolina ta Arewa a Amurka, inda ƴan Nijar suke da yawa har mutum kan ji Hausa da Zabarmanci a bakin masallaci ranar Juma'a kamar yana Yamai.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne wani saƙon murya da ƙanena, wanda yake aikin jandarma a yankin Adar, ya aiko mini a WhatsApp a tsakiyar hunturun da ya wuce. Ya ce: "Yaya, sharjar ɗina ya cika da ƙasa, harsashi na uku yana maƙalewa, na yi iya ƙoƙarina murfin gindinsa ya ƙi zamewa, ko in sa masa sukudireba in ɓamɓare shi?" Na ce masa ya ajiye sukudireban nan tukuna. Da na ga amsar ta yi wa saƙon murya tsawo, kuma na san ba shi kaɗai ne ke fama da wannan ba, sai na ga ya dace in rubuta ta a fili. Shekara takwas ke nan ina aiki a wani shagon gyaran bindigogi mai lasisi, ƙarƙashin wani dattijo tsohon soja, kuma kafin in baro gida gyaran keken ɗinki nake yi a kasuwar Tawa, saboda haka ƙananan ƙarafa masu taurin kai ba baƙi ba ne a wurina.

Gidan harsashi, wanda kuke kira sharjar a bariki, abu ne mai sassa biyar a yawancin ƙananan bindigogi na zamani. Akwai gangar jikinsa, wadda bakinta na sama yake da leɓɓa biyu masu riƙe harsashi. Akwai kujerar da harsashin ƙarshe yake zama a kanta, sai sifirin, wato resor a bakin makanikanmu, wanda yake tura kujerar sama. A ƙarƙashin sifirin akwai wani ɗan faranti mai ƙullutu a tsakiya, ni ina kiransa sakata, sannan murfin gindi, wanda yake zamewa a kan wasu ƴan layuka guda biyu. Ƙullutun sakatar nan shi ne yake leƙowa ta ƴar hudar da kuke gani a tsakiyar murfin, kuma ƙarfin sifirin ne yake danne shi a cikin hudar. Muddin ƙullutun yana zaune a wurinsa, murfin ba zai motsa ba ko da ƙato biyu sun taru a kansa, sai dai ya karye.

Kafin a taɓa komai, a cire gidan harsashin daga bindiga, a ja kan bindigar, wato ƙarfen samanta mai zamewa, baya, a duba mazaunin harsashi da ke cikin bindigar da ido, a kuma taɓa da yatsa. A zazzage harsasan duka, a ƙirga su, a kai su wani ɗaki daban. Maigidana ba ya barin harsashi mai rai ko guda ɗaya a kan teburin gyara, kuma na ga ya kori yaron shago kan wannan doka ba tare da ya saurari ba'asi ba. Haka nan a sa tabarau, ko da na masu babur ne. Ina faɗin wannan ne da tabo a ƙarƙashin idona na hagu. A watana na biyu a shagon, na ture wani murfi da ƙarfi ba tare da na tare bakin da babban yatsa ba, sai sifirin ya yi tsalle da sakatar a kansa ya same ni a fuska, sakatar kuma ta faɗa bayan kantar shagon, sai bayan kwana uku muka gan ta. Dattijon ya dube ni ya girgiza kai, ni kuwa a raina na ce yau saura ƙiris garin gyaran gira in rasa ido.

Wanda ƙanena yake fama da shi na Glock ne, bindigar da Gaston Glock ya ƙera a ƙasar Ostiriya, wadda sojojin ƙasar suka karɓa a 1982. Gidan harsashin Glock 17 yana cin harsashi 17 mai milimita 9, na Glock 19 kuma 15. Jikinsa roba ce mai tauri da aka yi wa shimfiɗar ƙarfe daga ciki, kuma shi ne ya fi kowane suna wajen gardama, domin makulli biyu gare shi. Bayan ƙullutun sakata, akwai wasu ƴan kunnuwa biyu a gefen gangar jikin, dama da hagu, waɗanda suke shiga cikin tsagin murfin su riƙe shi. Mutane da yawa suna danna ƙullutun, su ga ya shige, su tura murfin ya ƙi, sai su ɗauka tsatsa ce ko ƙasa, alhali kunnuwan nan ne ba su saki ba.

Ga yadda muke yi a shago. Ana samun tsinken ƙarfe marar tsini wanda kaurinsa bai kai milimita biyu da rabi ba, ko ƙusar da aka goge bakinta da zarto. A kife gidan harsashin, leɓɓansa a kan tsumma, gindinsa yana kallon sama. A cusa tsinken cikin hudar sosai, har sakatar ta nutse ta karkace, domin idan an danna ta kaɗan kawai za ta koma mazauninta da zarar hannu ya sassauta. Sannan da ɗaya hannun a matse gefuna biyu na gangar jikin daf da murfin, daidai inda kunnuwan suke, kuma yayin da ake matsewa a karkato tsinken a ja murfin da shi zuwa gaba, wato ɓangaren da harsasai suke fuskanta. Da ya motsa kamar faɗin farce, kunnuwan sun saki, sauran aikin na babban yatsa ne, wanda zai bi bayan murfin yana rufe bakin har a cire shi gaba ɗaya, daga nan a bar sifirin ya miƙe a hankali cikin tafin hannu.

Matsewar nan ce take gagarar mutane, musamman idan gidan harsashin sabo ne ko kuwa gajere. Akwai wata ƴar filaya da ake sayarwa a nan domin wannan aiki kaɗai, amma ba dole ba ce. Wanda yatsunsa suka kasa zai iya naɗe gindin da fata ko tsumma mai kauri, ya sa shi a matsin makaniki, ya juya a hankali har ya ga gefunan sun ɗan lotsa, ya tsaya a nan. Juyi ɗaya na ƙari yana iya lanƙwasa ƙarfen ciki, kuma wanda ya lanƙwashe ba ya komawa daidai. Akwai kuma abin da yanayin gida ya fi na nan sauƙi a kansa: roba tana ƙara tauri cikin sanyi, tana laushi cikin ɗumi. Mu a nan, a watan Janairu, sai mun sa shi a aljihun wando na ɗan lokaci kafin ya ba da kai. Ku kuwa ranar Tawa ta ishe ku, minti goma a kan tabarma da hantsi, babu harsashi a ciki, ba tare da an kai shi kusa da garwashin shayi ba.

Masu jikin ƙarfe, irin na Beretta 92 mai cin 15, ba su da waɗannan kunnuwa, danna ƙullutu da zame murfi ne kawai. Idan irinsu ya ƙi, to da gaske ƙasa ce ko tsatsa ta cika layukan. A ɗiga ɗigo ɗaya na man warware tsatsa a kowane layi, a ba shi lokaci, sannan a riƙe ƙullutun a danne a riƙa bubbuga murfin daga baya da guntun itace. Guduma ta ƙarfe tana buɗe shi, amma tana buɗa layukan tare da shi, daga ranar murfin zai riƙa girgiɗi. Akwai kuma tsofaffin da murfinsu a like yake da walda, kamar na Colt 1911 na asali mai cin 7. Su ta sama ake buɗe su: a danna kujerar ƙasa da sanda, a soka tsinke ta ɗaya daga cikin hudojin gefe ya tare sifirin a ƙarƙashin kujerar, a kife a girgiza kujerar ta faɗo, sannan a rufe bakin da tsumma a zare tsinken. Na taɓa karɓar irinsa daga hannun wani mutum da ya kwana yana saran waldar da kurfi, yana zaton murfi ne ya cije.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato mai. A nan Karolina iska tana da laima, abokin gabarmu tsatsa ce, duk da haka cikin gidan harsashi a bushe muke barinsa. A gida kuwa abokin gaba ƙura ce, irin lallausar nan ta hunturu da take shiga cikin akwatin da aka kulle, da jar guguwar da take gabatar ruwan farkon damina. Wanda ya yi sintiri a bayan mota daga Tawa zuwa Abalak ya san abin da yake tofarwa idan ya sauka, kuma abin da ya shiga bakinsa ya shiga sharjar ɗinsa. Busasshiyar ƙura ana iya kakkaɓe ta. Ƙurar da ta haɗu da mai kuwa taɓo take zama, ta kama kujerar, ta rage wa sifirin gudu, har harsashi ya kasa isowa leɓɓa a daidai lokacin da kan bindiga yake dawowa ya ɗauke shi. Ban da haka, man da ya daɗe yana jiƙa gindin harsashi yana iya kashe ƴar hular da take tayar da albarushi. Na san hannunmu ya saba, duk ƙarfen da ya yi ƙara sai mu ɗiga masa baƙin mai, ni ma da haka na tashi a kan kekunan ɗinki, amma a wannan wuri alherin cuta ne.

Sojojin Amurka ma sun sha wannan darasi. A 1985 suka ɗauki Beretta a matsayin ƙaramar bindigarsu da sunan M9, kuma da aka shiga yaƙin Iraƙi a 2003 ƙorafi ya yi yawa cewa tana cijewa. Da aka bi diddigi, sai aka gano babban laifin yana ga wasu gidajen harsashi da aka yi wa shafe mai kaushi domin maganin tsatsa, kaushin nan kuwa shi yake riƙe lallausan rairayi a ciki. Bindigar aka yi ta zagi, alhali ciwon yana cikin abin da ba a kula da shi. Daga baya aka sauya shafen zuwa mai santsi.

Saboda haka wankin mai sauƙi ne. A cusa busasshen tsumma marar zare-zare ta gindi a jawo shi ta sama sau uku ko huɗu, a bi kusurwoyi da bayan leɓɓa da tsohon buroshin haƙori, a goge kujerar da sakatar. Idan an riga an yi kuskuren zuba mai, ruwan ɗumi da ɗan sabulu yana fitar da shi, da sharaɗin a shanya komai ya bushe ƙarau kafin a haɗa. A nisanci fetur da gazuwal, musamman ga masu roba. Sifirin kaɗai za a iya shafa wa tsumma mai ɗan maiƙo, sannan a bi shi da busasshe har ya zamana ba ya barin alama a yatsa.

Tun da an buɗe, sai a duba lafiyarsa. A ɗaga leɓɓan a haske a nemi tsaga, a kwatanta faɗin bakinsu da na wani gidan harsashin da aka tabbatar yana aiki. A jera sifirin kusa da sabo, idan ya gajarce ƙwarai ko ya karkace, ya gama aikinsa. Kada a ja shi domin ya ƙara tsawo, tsawon zai dawo na kwana biyu amma ƙarfin ba zai dawo ba. Abin da yake gajiyar da sifirin shi ne yawan matsewa da sakewa, fiye da zamansa a cike. Haka kuma kada a kama leɓɓa da filaya ana neman daidaita su, domin bambancin da ido ba ya gani ya isa ya sa harsasai biyu su yunƙuro tare. Wanda ya tsage ko ya lotsa, a mayar da shi ga mai kula da ma'ajiyar makamai a rubuta a karɓi wani, kada kunyar kai rahoto ta sa mutum ya fita aiki da abin da ya san yana cijewa. Ni a shago kowane gidan harsashi sai na rubuta masa lamba a gindi da alƙalamin fenti, domin idan bindiga ta cije a filin harbi a san wanne ne a ciki, a ware shi.

Wajen mayarwa, sifirin yana da sama da ƙasa, yana da gaba da baya, kuma zai yarda ya shiga a juye ba tare da ya yi gardama ba, sai ranar harbi asiri ya tonu. Na ce wa ƙanena ya ɗauki hoto da wayarsa tun sassan suna fitowa. Kujera ce take fara shiga, sai sifirin, sai a danna sakata da yatsa har ta wuce layukan, a zuro murfin daga gaba zuwa baya har a ji ya yi ƙas, a ga ƙullutun ya cika hudarsa. Sai a gwada tura murfin da ƙarfi, domin wanda bai zauna ba yana iya fita a tsakiyar aiki ya watsar da harsasai a ƙasa. A danna kujerar da sanda a ga tana sauka tana hawa babu tangarɗa, a sa gidan harsashin babu harsashi cikin bindigar da aka tabbatar ba ta da komai, a ja kanta baya a ga ya tsaya a buɗe. Bayan wannan ma, ba na yarda da gyararren gidan harsashi sai ya zazzage cikinsa sau biyu a filin harbi ba tare da ya cije ba.

Bayan kwana biyu ƙanena ya aiko da hoton abin da ya fito daga nasa a kan farar takarda, jar ƙasa ce cuɗe da mai wadda ta kusa cika cokalin shayi, kuma ya amsa da bakinsa cewa shi ya ɗiga man tun damina. Murfin bai karye ba. Sauran biyun da yake da su, na ce ya buɗe su bayan kowane dogon sintiri har hunturu ya wuce.

A gaishe mini da iyayenmu da malamanmu na Tawa. Allah ya tsare ku a bakin aikinku. Wassalam.

Ɗan'uwanku, daga Girinsboro.