Yawon arba'in a cikin jirgin ruwa

Ranar da muka yi arba'in surukata ta ce sai an kai yarinya tsallake dangin babanta su ganta. Mu a nan Yauri shiga jirgi ba wani abu bane, maigidana ma yana da nashi mai inji da shi yake kai kaya kasuwa, amma wallahi da jaririya a hannu sai naji ruwan ya canza min kama.

Tun hatsarin Warra na 2021 da mutane da yawa suka rasu gabana ke faɗuwa, ga kututturan itatuwa da ruwan dam ɗin Kainji ya shanye suna nan a ƙasa ba ka ganinsu sai jirgi ya daka.

Nace masa Baban Ummi ni fa da sharaɗi, da safe zamu tafi kafin iska ta taso, ba lodin buhuna, kuma rigar kariya zan saka. Yayi dariya wai shi a ruwa aka haife shi. To ita fa? Rigar ma babu daidai ita, ƙaramar da muka samu wuyanta nutsewa yake a ciki.

Hajiya ta ce ki goya ta mana, nace a'a Hajiya gara ina ganin fuskarta. Na rungume ta na zauna can tsakiya nesa da hayaƙin inji, lema a kanmu, bakina bai huta da addu'a ba.

Ita kuwa ko a jikinta, ƙarar injin ce ma ta sa ta barci har muka isa gaɓa.