Sabar antibairas ɗina ta tashi, ga inda na maƙale da databes

Jama'a Alhamdulillahi, ESET PROTECT, wato manhajar kula da antibairas ɗin kwamfutoci da yawa daga wuri ɗaya, ya zauna a kan tsohuwar kwamfutar da na sa wa Ubuntu, yanzu haka laftop ɗina da na ƙanena duk sun fito a Web Console, shafin da ake sarrafa shi ta burauza, da koren alama, wallahi daɗi ya hana ni tashi daga kan kujera. Masu shirin gwada na Linux ku matso, akwai wurin da ya ci min rai.

Shirin farko bai ba ni wahala ba. MySQL 8 na sa a matsayin databes don MariaDB ba ya cikin waɗanda ake goyon baya, na gyara my.cnf da max_allowed_packet=33M da log_bin_trust_function_creators=1, sannan innodb_log_file_size=100M da innodb_log_files_in_group=2 don jimillar ta kai 200MB. Na girka unixODBC da direban MySQL, waɗanda ta kansu sabar ke magana da databes, na duba da odbcinst -q -d na kwafo sunan direban harafi da harafi zuwa --db-driver, don ko sarari ɗaya ya bambanta instola ba zai gan shi ba.

Sai na kunna instolan sabar, server-linux-x86_64.sh, ya ɗan yi tafiya ya faɗi, wai ya kasa haɗuwa da databes. To ni abin da ya ɗaure min kai, ina buga sudo mysql ina shiga lafiya lau, ga databes a raye tana amsa komai, me zai hana instola shiga? Na sake duba my.cnf, na sake kunna sabis, na cire direban na sauko da wani, na canza localhost zuwa 127.0.0.1 na dawo da shi na sake mayarwa, har fayawol na kashe gaba ɗaya duk da na san abu ne a cikin na'ura ɗaya, duk a banza, ga datan da na saya na wata yana ta zurarewa wajen sauke fayiloli, ga an ɗauke wuta man janareta yana ƙonewa a kan abin da ba ya motsi. Wannan kuɗin man ya yi min ciwo gaskiya.

Da na zauna na karanta EraServerInstaller.log a /var/log/eset/RemoteAdministrator/ a tsanake, sai na ce bari in bi hanyar da shi instolan yake bi. Na gwada isql, abin gwada haɗin ODBC, da -k, na ba shi direba da 127.0.0.1 da root da kalmar sirri. Nan take aka hana ni shiga. Na gwada mysql -u root -p ba sudo, ERROR 1698. Ashe nan matsalar take! A Ubuntu, root na MySQL yana zuwa da auth_socket, wato ba ya kallon kalmar sirri sam, yana duba wane ne kai a kan Linux ɗin ta soket. Shi ya sa sudo mysql ke wucewa. Shi kuwa instola ta ODBC yake zuwa, ta fot 3306, da suna da kalmar sirri a hannu, kamar mai katin gayyata a ƙofar da mai gadi fuska kawai yake dubawa. Buga SELECT user, host, plugin FROM mysql.user, za ku gani da idonku.

Wasu ALTER USER suke yi su canza root ɗin, ni ban so taɓa shi ba, sai na ƙirƙiri wani mai amfani daban da kalmar sirri na ba shi cikakken iko da GRANT OPTION, na sa shi a --db-admin-username. Isql ya ce Connected, instola ya wuce har ƙarshe ya gina era_db, eraserver ya tashi. Na yi ihu har mutan gida suka leƙo.

Tomcat da era.war, masu tayar da Web Console, ba su yi gardama ba. Na mayar da fayawol na buɗe fot 2222 don Agent, ƙaramar manhajar da ake sa wa kowace kwamfuta don ta haɗu da sabar, 2223 kuwa tunda konsol ɗin a kan na'ura ɗaya yake na bar shi a ciki. In Agent ya ƙi fitowa ku buɗe status.html ɗinsa, yana nuna inda abin ya tsaya.

Saura folisi (dokokin saiti da ake tura wa kwamfutocin) da ajiyar databes ta mysqldump da fitar da satifiket in adana a filash. Don Allah wanda ya taɓa canza adireshin IP na sabar bayan Agent sun haɗu ya faɗa min yadda ya yi, don rauta nake son canzawa.