Abin da aka lakato a bututun gidanmu

Ruwan famfonmu ya yi kwanaki yana warin rima. Maigida ya ce tanki ne. Aka wanke tanki tas, wari na nan daram.

Sai da mai gyaran famfo ya yanke bututun banɗakin baƙi, wanda mukan yi wata guda ba mu kunna ba.

"Hajiya, zo ki gani."

Ya zura yatsa ya lakato wani baƙin yauƙi kamar miyar kukar da ta kwana. Tsigar jikina ta tashi. Da ruwan nan fa nake wanke baki!

Ashe ƙwayoyin bakteriya ne ke manne wa cikin bututu, su yi wa kansu bargon yauƙi, funfuna ta samu wurin zama. Har nau'o'in funfuna irin su Aspergillus da Fusarium ana samu a bututun ruwan sha. Sinadarin kulorin da ake tsabtace ruwa da shi ba ya ratsa bargon sosai, balle ruwanmu na burtsatse da ba a sa masa komai. Mai lafiya ba kasafai abin ke damunsa ba, amma Inna garkuwar jikinta ta yi rauni, shi ya sa na tsorata.

An sauya bututun. Yanzu duk Juma'a nakan saki famfon ya zuba, ruwan Inna kuwa sai na tafasa.