Na Zaɓi Jonathan Taylor da Lissafi, Na Sayar da Shi da Fushi

A kakar 2019 ni na zo na biyu daga ƙarshe a gasar fantasi ta wurin aikinmu. Abin kunya ne, amma yana da ladarsa: wanda ya fi shan kashi shi ake fara ba damar zaɓen sababbin 'yan wasa a shekara mai zuwa. Da haka na wayi gari a watan Agustan 2020 da zaɓi na biyu a hannuna.

Mu goma sha biyu ne, duk ma'aikatan wani rumbun ajiyar kaya a Columbus, jihar Ohio. Wanda ya taɓa buga fantasin Firimiya ya san zancen: ka tara 'yan wasa na gaske, abin da suka yi a fili shi ne makinka. Tamu ta ƙwallon zari-ruga ce irin ta Amurka, gasar NFL, kuma ba ma wargaza ƙungiya a ƙarshen kaka. Wanda ka ɗauka naka ne har ka musanya shi ko ya ajiye takalmi. Ba kuɗi muke zubawa ba, tun ranar da suka gayyace ni na kafa wannan sharaɗin. Na ƙarshe dai shi ke ciyar da kowa.

Buƙatata ba ɓoyayya ba ce. Ba ni da mai ruga da ƙwallo na kirki, wato wanda ke tsayawa a bayan mai jifa, a danƙa masa ƙwallo a ciki, ya kutsa cikin ƙattai yana neman yadi huɗu ko biyar. Kowa ya san mai zaɓi na farko Clyde Edwards-Helaire zai ɗauka, domin Kansas City Chiefs, masu riƙe da kofi a lokacin, sun ɗauke shi a lamba ta 32 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, ga shi kuma Damien Williams da zai yi gogayya da shi ya janye daga kakar saboda korona. Saura mutum biyu a gabana: J.K. Dobbins da Jonathan Taylor.

A Columbus ba a tambayar wa ya fi. Dobbins ɗan jami'ar Ohio State ne, ɗan gida. Taylor kuwa daga Wisconsin ya fito, abokan hamayya, kuma mutanen nan sun ga yadda ƙungiyarsu ta ɗaure shi a yadi 52 kacal a watan Oktoban 2019. Duk wanda na tuntuɓa a wurin cin abinci magana ɗaya yake maimaitawa: yaron nan hannunsa rariya ne.

Ba sharri suka yi masa ba. A shekara uku da ya yi a Wisconsin ƙwallo ta suɓuce masa sau 18, abokan karawa suka kwashe 15 daga ciki. A wasan nan babu laifin da ya kai wannan. Ɗan gaba a Firimiya zai ɓarar da ƙwallo sau goma a wasa ɗaya a manta, amma a NFL ƙungiya ba ta cika samun damar kai hari fiye da goma sha ɗaya ko sha biyu a wasa ba. Ka saki ɗaya, ka yi kyauta da kaso mai tsoka na ranar.

Sai dai ɗaya gefen takardar ma ba ya kallo sau ɗaya. Yadi 6,174 a shekara uku. Sau biyu a jere yana haura 2,000. Mutum mai nauyin kilo ɗari da 'yan kai, ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.39 a gwajin da ake wa masu neman shiga NFL. Indianapolis Colts ba su jira ya iso gare su ba, sai da suka ba da wani zaɓin nasu suka matsa daga lamba ta 44 zuwa ta 41 don kada a riga su.

Dare uku na yi da littafi da biro a teburin cin abinci. Uwargida ta leƙo ta ga lambobi, ta ce, "Baban Abba, harajin ne bai ƙare ba har yanzu?" Na ce mata wannan ya fi haraji wuya.

Abu na farko da na yi shi ne raba 18 ɗin nan da yawan aikin da aka ɗora masa. An miƙa masa ƙwallo sau 926, ya cafe 42 da aka jefa masa. Ke nan kusan sau ɗaya a kowace taɓawa 54. Har yanzu da yawa, ban yaudari kaina ba, amma ba dodon da ake zuzutawa ba ne. Jakin da ya fi ɗaukar kaya dole ya fi zubarwa. Game da 15 ɗin da aka kwashe kuwa, ban ɗora masa duka ba. Ƙwallon nan ba zagayayya ba ce, mai tsini biyu ce kamar ƙwallon goriba da aka ja. In ta faɗi ƙasa babu mai sanin inda za ta yi tsalle, wanda ta faɗa wa ya tsinta.

Na biyu, na duba makinmu. Yadi goma maki ɗaya, kai ƙwallo gidan ƙarshe maki shida, sakin ƙwallo ga abokan karawa a cire maka biyu. Biyu tal. Ko ya saki biyar a kaka, maki goma ne, abin da zai iya mayarwa a rabin wasa. A nan na gane ba a kan makin gizo ke saƙa ba. Abin tsoron shi ne koci. In koci ya daina yarda da yaro, sai ya zaunar da shi a benci, kuma wanda ke benci ba ya kawo ko ɗaya.

Shi ya sa na koma tarihin waɗanda suka riga shi, ina neman amsar tambaya biyu: ciwon nan yana warkewa? Kuma kocin yana da haƙurin jinya?

Tiki Barber na New York Giants ya saki ƙwallo sau 35 tsakanin 2000 da 2003. Da koci Tom Coughlin ya karɓi ƙungiyar a 2004, ya sa shi ya canza riƙo, ya daina lilo da ita a gefe, ya ɗaga ta sama ya manne a ƙirji. A 2005 sau ɗaya ta kuɓuce masa, ya kuma yi yadi 1,860. Adrian Peterson ma haka: tara a 2008, bakwai a 2009, sai ɗaya a 2010. Wannan ya nuna mini riƙo abin koyo ne. Gudu da gani da ƙarfin cinya kuwa, in Allah bai ba ka ba, babu kocin da zai ɗura maka.

Batun haƙurin koci shi ne ya fi ba ni wahala, don misalan sun rabu biyu. A wasan buɗe kaka na 2012, David Wilson, wanda Giants suka ɗauka a zagayen farko, ya saki ƙwallo a karo na biyu da aka miƙa masa ita a gaban Dallas Cowboys. Coughlin ɗin nan dai da ya gyara Barber shi ya ajiye yaron a gefe, ya daɗe bai koma samun aiki sosai ba. Bill Belichick, kocin New England Patriots a lokacin, shi ma ya yi wa Stevan Ridley irin haka a 2013. Amma a 2017 Kareem Hunt ya saki ƙwallo a taɓawarsa ta farko a NFL, a gidan New England Patriots. Kocinsa Andy Reid bai ko ɗaga gira ba, ya ci gaba da ba shi. Yaron ya tashi wasan da yadi 246, ya kuma ƙare kakar a kan gaba wajen ruga da yadi 1,327. Laifi ɗaya, hukunci biyu.

Na ce a raina, ƙungiyar da ta biya kuɗin matsawa gaba don ta ɗauki yaro ba za ta yar da shi a kan kuskure ɗaya ba. Ga kuma katangar ƙattan gaba da za ta buɗe masa hanya, da Quenton Nelson a ciki. Ranar zaɓe, ta bidiyo saboda korona, na kira sunan Taylor. Wani dattijo da muke aiki tare, wanda ba ya rabuwa da jar hular Ohio State, ya kama kai ya ce in tanadi kwando na riƙa bin yaron a baya.

Da farko kamar na ci riba. A makon farko Marlon Mack, wanda ke gabansa, ya tsinke jijiyar agara, aiki ya dawo kan Taylor. Amma wasansa bai burge ba. Yana ruga kamar mai tsoron taka ƙwai, yana karo da bayan mutanensa. A Detroit aka ba shi sau 11, ya yi yadi 22.

Sai ranar 8 ga Nuwamba, da Baltimore Ravens. Ina zaune a falo da Abba. Taylor ya riga ya ci ɗaya, Colts na gaba da bakwai. Aka sake ba shi, ya keta, ana ta turereniya yana neman ƙarin yadi, sai Marcus Peters na Ravens ya sa hannu ya fizge ƙwallon. Abokin wasansa Chuck Clark ya tsince ta ya zura da gudu. Philip Rivers, dattijon mai jifa na Colts, ya yi yunƙurin tare shi, ya yi tuntuɓe ya faɗi rigingine, Clark ya tsallake shi kamar ƙaramin kwalbati ya yi yadi 65 har gida. Kafin a maimaita hoton wayata ta fara ƙugi. Hoton kwando dattijon nan ya turo.

Bayan wannan kusan ba a sake ganin Taylor a wasan ba. Kwana huɗu bayan haka, a Tennessee, sau bakwai aka ba shi, yadi 12, abokin wasansa Nyheim Hines ne ya ci kasuwarsa. Na ga David Wilson a gabana ƙiri-ƙiri. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, ni kuwa ba ma ni aka sara ba, labarin saran na karanta.

Daren Juma'a wani matashi a gasarmu ya aiko da tayi: wani gogaggen ɗan wasa da ba zan ma ambaci sunansa ba, haɗe da zaɓin zagaye na biyu na baɗi. Ban buɗe littafin nan na watan Agusta ba. Yana nan a aljihun tebur, da duk lissafin Barber da Hunt a ciki. Na danna amincewa ina tsaye a kicin.

Abin da ban tsaya na ƙirga ba shi ne, wannan ce suɓucewa ta farko da ya yi a NFL, bayan wata biyu ana dukansa. Ita ce kuma ta ƙarshe a kakar. Ciwon da na ji tsoro a Agusta ya riga ya warke, ni kuma na sallame shi a makon da tabon ya ɗan yi ƙaiƙayi. Matsalarsa ta gaskiya a lokacin ta ido ce: bai saba da saurin da ƙofa ke buɗewa ta rufe a NFL ba, kuma korona ta sa an soke wasannin share fage na shekarar, inda sabon shiga ke yin kurakuransa ba mai ƙirgawa. Koci Frank Reich ma bai jefar da shi ba. Ya ɗan janye shi ne ya huce. Kwana goma bayan Tennessee ya ba shi ƙwallo sau 22 a gaban Green Bay Packers.

Daga nan sai yaro ya ɓalle. Yadi 150 a Las Vegas a Disamba. Yadi 253 a kan Jacksonville a wasan ƙarshe. Ya rufe kakar da 1,169. A 2021 ya yi 1,811, babu wanda ya ko matso kusa da shi a duk NFL. A shekarar ma ƙwallo ta suɓuce masa wasu lokuta, ban ji wanda ya kawo zancen kwando ba.

Abba ya fara buga wasan a makarantarsu a wannan shekarar, a gurbin nan dai. Wata rana ya dawo da ƙwallo a hammata, ya ce kocinsu ya ce kada su ajiye ta ko a gida, kuma duk wanda ya ga dama ya gwada ƙwacewa. Ya nuna mini riƙon: yatsu a kan tsinin gaba, tafin hannu a jikinta, damtse ya danne gefe, tsinin baya a cusa a lungun gwiwar hannu, sannan a matse duka a ƙirji, wuyan hannu sama da gwiwar hannu. Ya ce, "Baba, gwada." Na kai duka daga ƙasa, na ja daga sama, na murɗa. Yaro ɗan shekara goma sha uku, na kasa. Da ya sauke hannun zuwa kugu kamar yadda yake yi da, bugu ɗaya ta yi tsalle ta faɗa bayan kujera. Mako biyu aka yi ana koya musu wannan.

Yanzu in sabon shiga ya zo da irin wannan tabo, nakan duba sau nawa aka ba shi kafin ya saki, da yadda take suɓucewa: garin neman ƙarin yadi ne, ko sakaci ne a fili babu kowa. Nakan duba abin da ƙungiya ta kashe a kansa, da wanda ke bayansa yana jiran gurbi, da halin kocin a kan waɗanda suka yi laifin a baya. Na kuma kafa wa kaina doka: ba na karɓar tayi a makon da ɗan wasana ya ba ni haushi, sai na sake karanta abin da na rubuta ranar da na ɗauke shi.

Ranar 21 ga Nuwamban 2021 jadawali ya haɗa ni da matashin nan da na sayar wa. Colts suna Buffalo. Taylor ya shiga gida sau biyar, ya tara masa maki 50 da ɗoriya shi kaɗai. An ce ba a sayar da akuya ta dawo tana ci maka danga, tawa kam har rumbu ta shiga. A kakar ni na zo na ƙarshe. Uwargida ta dafa dafa-duka babbar tukunya da soyayyun kaji, na kai wurin aiki ranar Litinin, dattijon mai jar hula ya ci faranti biyu ya tambaya ko akwai sauran yaji.